Ɗigon Ruwan Tankin Makarantarmu

Har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da abin da aka yi wa malaminmu na kimiyya ba, lokacin ina aji huɗu a wata makarantar 'yan mata cikin birnin Katsina. Yau 'yata ta fari ta wuce shekaruna na wancan lokaci, amma in na tuna sai in ji zuciyata na tafasa.

Makarantar tana da ɗakin gwaji, amma suna kawai ya tara. Kayan aikin suna kulle cikin kabad mai gilashi a ofishin shugabar makaranta, wadda kowa ke kira Hajiya, ko ledar da suka zo a ciki ba a cire ba. Kamar kwanukan jeren amarya suke, na kallo ne ba na tuwo ba. In baƙi za su zo daga ma'aikatar ilimi sai a goge su a jera, baƙi su yaba da yadda ake adana kayan gwamnati, a mayar a kulle. Madubin nan mai nuna ƙananan halittu, maikiroskof, a jikin allo muka san shi. Mu zana shi, mu haddace sunayen sassansa, mu ci jarrabawa, ba wadda ta taɓa ɗora ido a kansa.

Ana haka aka kawo mana sabon malami, wani siriri mai tsohon babur. Ya daɗe yana neman a dawo da shi gari, don tsohuwarsa na kwance ba lafiya a Batagarawa, kuma shi kaɗai ne ɗanta namiji. Kullum daga wurinta yake tahowa, in an tashi can yake komawa.

Shi ya fara ba mu labarin yadda kimiyyar zamani ta taso. Ya ce ƙarnoni kaɗan da suka wuce, a Turai in gardama ta tashi tsakanin masana sai a buɗe littafin mutanen da, abin da ya ce shi ke nan. Sai wasu suka ce a'a, a gwada a gani. Suka ɗora a kan abin da malaman Musulmi suka rubuta game da haske da gilashi, wani ya juya madubinsa sama ya leƙa taurari, wani ya leƙa ɗigon ruwa ya tarar da halittu suna iyo. Kullum da magana ɗaya yake rufe darasi: "Kada ku yarda don ni na hwaɗi. Ku duba da idonku."

A zangon nan ciwon ciki ya sa mu gaba, kusan kowace rana sai an mai da wata gida. Wasu suka ce ɗanyen mangwaro ne, wasu suka ɗora wa mai awarar bakin ƙofa. Ruwan shanmu kuwa daga wani tankin siminti ne a bayan azuzuwa, murfinsa ya karye, cikinsa ya yi kore shar. Malam ya yi ta roƙon Hajiya ta ba shi madubin, tana cewa sai baƙi sun zo sun tafi. Ran da ta tafi taro, ya lallaɓi mataimakinta ya karɓo makulli.

Ya aje madubin bakin taga, ya ɗiga ruwan tankin, muka yi layi. Da na kanga idona sai na ga abubuwa suna wutsil-wutsil, wasu dogaye, wasu kamar ƙwayar gero. Na ja da baya ina salati, don da safen nan na cika cikina da ruwan. Malam ya yi dariya, ya ce mu bi a hankali, shi bai ce su ke kawo ciwon ba. Gani matakin farko ne, sai an kai ruwan asibiti an gwada. Kafin nan kowa ta riƙa tahowa da ruwanta daga gida.

To, bakin 'yan mata ba ya riƙe magana. Washegari iyaye suka cika ƙofar makaranta. Hajiya ta faɗo ajinmu tana huci, ta tarar da madubin a kan tebur, Malam bai riga ya mayar ba. Malam ya russuna ya ce, "Ranki ya daɗe, ki leƙa kawai, ga shi nan."

Ko kallon inda yake nunawa ba ta yi ba. Ta ce, "Ba ni leƙawa. Wa ya ba ka izinin cire mashi leda? Tun kana goye aka san tankin ga, ba wanda ya mutu."

Wannan magana ita ta fi ƙona mini rai. Yara na murƙususu, ita leda ce damuwarta. Kuma duk mun san ruwanta na gora ne, a cikin firij ɗin ofis. Taku biyu ne tsakaninta da madubin, amma ta juya ta fita.

Mataimakin nata ya rantse bai san an ɗauki makulli ba. Aka rubuta cewa Malam ya taɓa kayan gwamnati ba izini, ya kuma tada hankalin iyaye da jita-jita. Ya bi ofis-ofis yana roƙo a bar shi ko'ina ne kusa da tsohuwarsa, aka tura shi wani ƙauye can bakin iyaka, inda mota sai ranar kasuwa. Da muka dawo hutu sai muka tarar an wanke tanki tsaf, an sa sabon murfi, ba wanda ya ce uffan. Ciwon ya lafa. Ba zan rantse cewa wankin ne ya kawo sauƙin ba, don ruwan ba a taɓa gwada shi ba, kuma ba haka Malam ya koya mana ba.

Kafin shekara ta ƙare labari ya iso mana cewa tsohuwarsa ta rasu da asuba. Kafin saƙo ya kai masa ya samo mota, an riga an kai ta makwancinta. Na yi kuka ranar nan kamar uwata ce, kukan baƙin ciki da na haushi a haɗe.

Tun daga nan na daina jin tsoron wanda bai sani ba, don shi in ka nuna masa zai gani. Wanda nake tsoro shi ne mai kujerar da ya san in ya leƙa zai ga gaskiya, sai ya kau da kai, ya hukunta wanda ya nuna masa.