Tabarau ɗin Baba ya iso

Jama'a, yau saƙon Baba ya iso. Wata biyu bayan mun binne shi.

Na shiga Bakori sayen buhunan zuba masara, sai Sunday mai shagon taki ya ƙwala min kira. Kun san ƙauyenmu ba gidan waya, a shagonsa direbobi ke ajiye mana saƙo.

Ya ce, "Malam Nura, don Allah ka yafe ni. Yau na ɗaga buhun taki na ƙarshe, na ga wannan a ƙasa."

Ɗan kwali ne, duk ya lotse. Rubutun Yaya Hadiza a kai. Tabarau ne da likita ya rubuta wa Baba, ta aiko daga Kaduna tun farkon damina! Direba ya kawo shi lokacin da ruwa ya cinye hanyarmu, aka sauke taki a kansa.

Kullum sai Baba ya tambaya, "Bai zo ba?" So yake ya koma karatun Alƙur'aninsa da kansa. Mu kuwa muna ta tsine wa direba.

Sunday ya ce, "Yaya idon tsohon?"

Ashe bai ji ba! Na ce, "Ya rasu."

Ya ɗora hannu a ka. Ni ko haushi ban ji ba. Na sayi buhunana, na hau babur.

A gida na miƙa wa Inna. Ta buɗe, tabarau ɗin ko tsagewa bai yi ba. Ta goge shi da gefen mayafinta, ta ɗora a kan Alƙur'anin Baba.

Ta ce, "To Malam, ga shi ya zo."