Ɗaɗɗoyar Rami na Bakwai

Duk wanda ya san Yamusa ya san ba mutumin golf ba ne. Shekara talatin yana malamin gona a Bwari, hannunsa ya fi sanin fartanya da kowace irin sanda. Shi ya sa da ya yi ritaya ya kwashi kuɗin sallamarsa ya shiga wani kulob na manya masu wasan ƙwallon golf a cikin Abuja, ya kuma sayi kyamara mai ɗaukar ƙananan abubuwa, 'yan uwa suka ce tsufa ya zo masa da gardama.

Mai koyar da shi, Bernard, ya sha wahala. Wata uku Yamusa yana sarar ƙasa kamar mai huɗar doya kafin ƙwallo ta fara tashi. Daga baya hannu ya faɗa, sai dai a rami na bakwai. Da an zo nan, ƙwallonsa sai ta karkace ta faɗa cikin ciyayi, gindin wata tsohuwar ɗorawa. Ya tafi nema, ya durƙusa da kyamara, ya yi ta ɗaukar ganye da ƙwari, manyan mutane na bayansa suna duba agogo suna tsaki.

Bernard bai san da gangan ake yi ba. A gindin ɗorawar nan aka binne cibiyar Yamusa. Nan ƙauyensu yake kafin a zo a ce birni zai zauna, a loda su a manyan motoci da tukwanensu a sauke su a Bwari. Dutsen niƙan mahaifiyarsa yana nan rabi a binne, kusa da shi kuma ɗaɗɗoyar da take tsinka ta sa a miya tana ta zubar da iri tana sake tsirowa kowace damina. Abin takaicin, ba a shiga wurin sai da katin kulob da riga mai kwala. Mutum ya koyi wasan da ba ya so don kawai a bar shi ya taka tsakar gidan uwarsa!

Tsohuwar tana raye, ta haura tamanin, idonta ya yi rauni. Don ita ya sayi kyamarar. Yakan wanko hoton ganye guda ya yi faɗin faifai, ya kai mata dab da fuska. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce kore dai take gani, kuma takarda ba ta ƙamshi. Ba ta yarda ɗaɗɗoyarta ce ba.

Ana nan sai aka kafe sanarwa cewa za a haƙa ramin yashi a gindin ɗorawa, wai don wasan ya ƙara armashi. Yamusa ya rubuta wa kwamiti takarda da ladabi, ya bayyana komai. Ba su ko amsa ba. Ranar da ya ga an kafa turaku an ja igiya, ya buga ƙwallonsa can kamar kullum, ya zaro sandar da ake fitar da ƙwallo daga yashi, ya haƙe ɗaɗɗoyar da saiwarta, ya sa a hularsa.

Bernard ya so ya rufa masa asiri, ya raɗa masa da gurguwar Hausarsa.

"Oga, ka ɓoye shi mana. Mutane yana kallo."

Yamusa ya ce bai yi sata ba balle ya ɓoye. Haka ya ratsa filin da hula a hannu, ƙasa na zuba.

Kwamiti ya zauna a kansa, mutum biyar a ɗaki mai sanyi, ba wanda iyayensa suka taɓa shan ruwan rafin wurin. Suka karanta masa doka: ya lalata fili, ya ɗauki kayan kulob ba izini. Ɗaya ma ya ce da ya roƙa ai da an duba. Yamusa ya tambaye su ina takardarsa. Aka shiga duba fayil, aka yi gyaran murya, daga ƙarshe aka karɓe katinsa. Ya fito ransa a ɓace, ya bar wa Bernard sandunan.

Da la'asar ya isa Bwari da shukar a cikin tukunyar ƙasa. Tsohuwar ta murza ganye ɗaya a yatsunta, ta kai hanci ta shinshina. Can ta ce ita ce, amma ta rame, ba mai ba ta ruwa. Sai ta juyo da fuskarta wajensa.

"Ka dai nemi izinin masu gidan kafin ka cire, ko?"

Yamusa ya durƙusa, ya ɗora tukunyar a cinyarta.

"Shi na zo nema wurinki, Mama."