Ciwon da ya raba Baba da akushinsa

Ranar Asabar ce, ashirin da tara ga watan Mayu na shekarar 1999, ranar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. An samu ruwan shuka, ƙasar Dagumawa tana ta ƙamshi, amma Baba ya dawo daga gona tun hantsi don kada rantsuwar sabon shugaban ƙasa ta wuce shi. Ya jingine sungumi a zaure, ya kunna rediyo, maƙwabta suka kewaye shi a tabarma suna musu kan ko taki zai yi araha bana. Ni kuwa ina madafa, shekarata goma sha ɗaya, Inna ta sakar mini muciya a karon farko. Na yi talge, na zuba gari, na tuƙa har kafaɗuna suka yi tsami, hayaƙin kara yana sa ni hawaye. Tuwon ya yi gudaji, amma da Baba ya ji ni na tuƙa, sai ya ce wa baƙinsa, "Yau mulki biyu aka miƙa, ɗaya a Abuja, ɗaya a madafar gidana." Ya cinye tas. Kafin la'asar muka same shi a bayan rumbu a durƙushe, ya dafe ciki, gumi ya jiƙa masa riga.

Baba mutum ne mai jiki da ci da fara'a. Uwata yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Duk Juma'a in ya je kasuwar Wudil, sai ya tsaya a bakin gada ya sayo mana soyayyen kifi a takarda, ni da ƙannena mu tare shi tun daga bakin rijiya muna lalube masa aljihu. In wani ya yi wasa da abinci sai ya ce, "Ku ci, da ruwan ciki ake jan na rijiya." Shi ya sa da farko ba wanda ya ɗauki abin da zafi. Inna ta jiƙa masa jar kanwa, ya sha, ya yi gyatsa, aka ce iska ce.

Sai dai ciwon ya dawo washegari, ya kuma dawo jibi. Yana da ƙa'ida kamar mai karɓar haraji. Baba zai ci, ya wanke hannu, ya ɗan zauna, sai ya kama shi a ƙarƙashin haƙarƙari ya ratsa har gadon baya. In bai ci komai ba, lafiyarsa ƙalau, har huɗa yake yi. Mai kemis ya ce gyambon ciki ne, ya ba shi wani farin magani mai kauri kamar kindirmo, ya hana shi yaji da tsami. Mai maganin gargajiya daga Utai ya ce basir ne ya hau sama, ya kawo sassaƙe mai ɗaci da Inna take dafawa a tukunyar ƙasa. Malamin unguwa ya yi rubutu. A asibiti aka auna jini da fitsari da bayan gida, aka ce taifot ne, aka yi masa ƙarin ruwa kwana uku. Kowane sunan cuta in ya zo, gidanmu sai ya yi haske na mako guda, mu koma gaɗa da carafke a tsakar gida, sannan mu sake ganin Baba ya miƙe daga tabarma ya nufi bayan rumbu.

Ba wanda ya san abin da nake ɗauke da shi. Na riga na yanke wa kaina hukunci cewa tuwona ne sanadi. Na taɓa jin wasu mata a bakin rijiya suna cewa irin wannan ciwo a abinci ake ba mutum, da suka gan ni suka yi shiru. Daga ranar ban ƙara taɓa muciya ba. Na zaɓi shara da ɗiban ruwa da sussuka, duk abin da ba zai shiga bakinsa ba. A makaranta in an kaɗa ƙarfen tara, ƙawayena su ruga wajen mai alale, ni sai in zauna a gindin darbejiya ina tuna gudajin nan ɗaya bayan ɗaya.

A hutun damina, gero ya kai kafaɗa, Inna ta kwanta zazzaɓi, dole na dama wa Baba fate na kai masa gona. Na tarar da shi zaune a inuwar marke, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ajiye kwanon nesa da shi, na ce kada ya sha, ni na dafa. Ya dube ni ya ce, "Me ya sa, Uwata?" Sai kuka ya ƙwace mini, na faɗa masa duk abin da na ɓoye wata uku. Bai yi dariya ba, bai kuma yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ciwon nan ya girmi tuwonki. Tun bara nake jin sa, ban dai faɗa ba. Miƙo kwanon." Ya yi bismilla ya shanye, yana sha yana yabon daddawar, har ya suɗe da yatsa. Ya sallame ni gida. Na yi nisa sai na tuna na bar murfi, na koma. Na hango shi tsakanin kunyoyi, ya haɗa goshi da ƙasa, yana cizon hannun rigarsa don kada a ji nishinsa. Ya san abin da zai biyo baya tun kafin ya ɗauki kwanon. Ban ƙarasa ba, na juya na bar murfin a can.

Bayan girbi ƙanen Inna, Kawu Sani, ya kai shi wani babban asibiti a Kano. Sun kwana shida, aka ɗauki hoton ciki. Likita ya ce bai ga wani abu a fili ba, akwai wata na'ura da ake zurawa ta maƙogwaro, amma sai su dawo. Sun koma sau biyu ba a dace ba, a na uku Baba ya ce jikinsa ba zai ɗauki jijjigar mota ba. Ya koma kurɓar koko kaɗai, akushinsa yana kife a kan danga. Da azumi ya kama a watan Disamba, shi ne kawai lokacin da na ga ya huta, domin ba mai binsa da kwano da rana. Yakan ce, "Bana kowa ya shigo sahuna." Ya rasu kwana tara bayan sallah, da hantsi, Inna tana shafa masa ƙafa. Masu gaisuwa suna tambayar me ya same shi, Inna tana cewa ciwon ciki, domin iyakar abin da muka sani ke nan.

Yanzu Wudil ta cika da ɗalibai da ɗakunan gwaje-gwaje, a titi guda sai ka ga wajen ɗaukar hoto biyu. Bara ɗiyata ta yi kukan ciki, kafin azahar an gane abin, an ba ta magani, ta dawo tana neman awara. Likitan, yaro ne da bai kai ƙanena ba, ya tambaye ni ko akwai wata cuta a danginmu, ya ce me ya yi ajalin mahaifina. Ya riƙe biro yana jira. Na ce ban sani ba. Mun yi haƙurin rashinsa, amma har yau ba mu san me ya ɗauke shi ba.