Man Kaɗanyar Mahaifiyata

A kasuwar Salaga, idan aka ce man kaɗanya yana da nauyi, yabo ne. Mai saye yakan ɗora dunƙule a tafin hannu, ya jinjina, ya yanke hukunci. Da wannan ma'auni baffana, ƙanen mahaifina, ya kashe sana'ar mahaifiyata. Ya shiga harkar bayan rasuwar yayansa, ya riƙa gaya wa fataken Bawku cewa man mahaifiyata kumfa ne, a jinjina nasa a ji. Nasa ya fi nauyi, fatake suka koma wurinsa. Har ta rasu ana ce mata mai man iska.

Sai da na karanta kimiyya na gane. A can ba a maganar nauyi sai an haɗa shi da girman abu, kuma tsantsar mai bai kai ruwa nauyi ba, shi ya sa yake tasowa a kan miya. Dunƙule biyu masu girma ɗaya, in ɗaya ya rinjaya sosai, akwai baƙo a cikinsa. Salaga kuwa garin doya ne. Ban gaya wa kowa ba. Na jira.

Ina koyarwa a Yendi baffan ya sauka a gidana da kaya, zai haɗu da fataken nan a tsakiyar hanya. Na karɓe shi yadda ake karɓar uba. Da suka hallara a tsakar gida ya ce, "Ɗana malamin kimiyya ne. Malam, faɗa musu ingancin kayan babanka."

"Baffa, baki yakan yi son kai. Bari mu tambayi tukunya."

Na tafasa ruwa, na jefa dunƙule ɗaya. Mai ya narke, ya taso. Na tsiyaye shi a hankali, na kife abin da ya kwanta a gindin tukunya a kan faranti: dakakkiyar doya, fara fat.

Babban fataken ya shafa ta da yatsa. "Alhaji, ashe sakwara muke saye. Ina miyar?"

Baffa ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Ka rufa mini asiri, ni ubanka ne."

Na dubi fataken na ce, "Kun tuna matar nan ta Salaga da kuke kira mai man iska? Ni ta haifa. In kun isa Bawku, ku faɗi wanda mansa ya fi nauyi, ku faɗi dalili."

Har yau bai sake gaishe ni ba, ni ma ban nema ba.