Kunnen Hagu na Kofur

Shekara goma sha huɗu Kofur ya yi a bayan igwa. Ya fito da hannu biyu da ƙafa biyu, amma kunnen hagu ya mutu. Yanzu gadi yake yi a wani gidan sayar da katako, kullum kunnen dama na fuskantar titi.

Sau uku ya cika takardar neman haƙƙin naƙasa kafin a kira shi gwaji. Buƙatarsa ɗaya ce, a yarda kunnen ya mutu a ba shi na'urar ji. Ɗakin gwajin kamar akwati yake, bango duk soso, kujera ɗaya, tagar gilashi ɗaya. Aka ce in ya ji sauti ya danna maɓalli. Da aka zo kunnen hagu ya danna sau goma sha ɗaya, duk a lokacin da injin bai aika komai ba. Aka rubuta cewa wasa yake yi, aka hana shi.

Shi kuwa Kofur, muryar Saje ya ji, shugaban rukuninsu da aka binne tun a fagen daga. In wuri ya yi tsit, Saje kan kira sunayen mutanensa goma sha ɗaya cikin mataccen kunnen, ɗaya bayan ɗaya. An ce wa Kofur in ya ji ya danna, soja kuma ba ya ƙin umarni.

Sau ɗaya ake ɗaukaka ƙara, in ta faɗi an rufe fayil. Ya ɗaukaka, aka sake kiransa gwaji. Matarsa ta raka shi, suka hau matakala arba'in da biyu.

"Malam, injin za ka amsa wa, ba mutanenka ba," ta ce. "Ni shekara nawa ina kira kana banza da ni?"

"Ke ai ba ki da igiyar muƙami ko ɗaya a hannu."

Aka rufe ƙofar ɗakin gwajin, Saje ya fara. Kofur ya tura hannunsa ƙarƙashin cinya ya danne. Suna na takwas nasa ne. Aka kira, ya ƙi dannawa. Aka sake kira, dab da shi. Can sai aka wuce zuwa na tara.

Ma'aikaciyar gwajin ta buɗe ƙofa. "Baba, an gama. Kunnen nan ba ya jin komai." Ta buga hatimi.

Bayan mako shida na'urar ta iso. Amma tun ranar gwaji na biyu, daga na bakwai Saje sai ya tsallaka zuwa na tara. Kofur kan miƙe a ƙofar gidan katako, ya ƙame, yana jira a kira shi.