Saniyar da na tatsa a takarda

Shekarun baya wata mai tallar nono ta kira ni maƙaryaciya a tsakiyar kasuwar Cadawa, gaban mata biyar da wani mai sayen ƙuli-ƙuli da bai san abin da ake ciki ba. Ban ji daɗi ba a ranar, kuma kada wani ya ce mani yanzu na ji daɗi. Gaskiya ta faɗa, wannan na yarda. Amma da ta ja ni gefe ta faɗa mani a kunne, da bakinta bai karkace ba.

Ku da kuke karanta labaraina a waya kuna cewa in ƙaro, yawancinku ba ku san inda abin ya faro ba. Ni ban yi lakol ba, wato makarantar boko. A wani ƙauye kusa da Tibiri aka haife ni, gidan manoma tun kaka da kakanni, aure ya kawo ni Cadawa. Ina da jika biyu na shiga makarantar manya, don na gaji da kai wa mutane takardar likita su karanta mani kamar ba ni da ido. Sauran matan da muka shiga tare, da suka iya rubuta sunansu da na 'ya'yansu sai suka ce alhamdulillahi, suka koma gida. Ni kuwa hannuna ya ƙi tsayawa. Na ɗauki wani tsohon kaye, wato littafin rubutu, da ɗiyata ta bari, na fara rubuta labari a cikin sauran shafukan, da rubutuna mai hawa tudu da gangarowa.

Matsalar ita ce ba mai saurare. In na karanta wa mijina, sai ya ce to madalla, Allah ya taimaka, ya kunna rediyo. Malamarmu kuwa in na kai mata, jan bik, wato biro, take ɗauka ta bi layi-layi tana gyara baƙaƙe, ta miƙo mani ta ce na yi ƙoƙari. Ba ta taɓa tambayata me ya sami mutanen da ke cikin labarin ba.

A kasuwa ina sayar da man gujiya da ƙuli-ƙuli. Kusa da rumfata wata Bafillatana ke zama da ƙoren nono da man shanu. Ta girme ni, don haka Adda nake ce mata, wato yaya da harshensu. Rugarsu na can hanyar Gangara, kowace ranar kasuwa da ƙafa take zuwa. Mun yi shekaru gaisuwa kawai ke haɗa mu, sai aron ludayi. Wata rana ciniki ya yi sanyi, ta gan ni na duƙufa kan kayena ina motsa baki, ta tambaye ni ko addu'a ce aka rubuto mani. Na ce labari ne, ni na ƙaga shi. Ta ce in karanta ta ji. Na karanta mata shafi biyu ina tuntuɓe a kan rubutun hannuna. Da na gama, ta ɗauki ƙorenta ta tafi.

Da kasuwa ta zagayo, tun kafin ta sauke kaya ta ce, "Malama, matar nan ta kai rijiyar kuwa?"

Na tsaya ina kallonta. Sai da na yi tunani na gane matar cikin labarina take nufi, wadda na bari a hanya da tulu a kai. Mako guda ke nan tana ɗauke da ita a zuciya. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci sosai ba don murna.

Daga nan muka ɗinke. Kowace kasuwa in zo da sabon shafi, ita kuma ta zo da tambayoyi. Adda ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ban taɓa ganin mai riƙe labari kamarta ba. In na manta na ce mutum yana da 'ya'ya uku na dawo na ce huɗu, sai ta tambaye ni yaushe aka yi suna ba a gayyace ta ba. Takan yi faɗa da mutanen labarin kamar suna gabanta. Akwai wani mugun ƙanen miji da na ƙaga, ta ce in ya kuskura ya biyo ta rugarsu karnuka za ta sakar mashi. In mai saye ya zo muna tsakiyar karatu, sai ta ɗaga mashi hannu ya jira. Daga baya na ji ashe in ta koma gida takan maimaita wa matan ruga abin da ta ji, su ma su aiko da nasu ƙorafin. Ita ta jawo matan rumfunan kusa suka fara matsowa.

To, ni mutum ce da in an yaba mani sai kaina ya kumbura. Na ce bari in rubuta wa Adda labari na musamman, na mutanensu. Na ƙagi wata Bafillatana da mijinta ya rasu a shekarar fari, shanu suka ƙare sai saniya ɗaya da ɗan maraƙinta, ga tsohuwar uwa kwance ba ta iya haɗiye komai sai madara. Adda ta so labarin nan fiye da duk na baya. Ta ce mani matan ruga har sun sa wa saniyar suna.

Ni kuwa duk abin da na sani game da saniya shi ne tana da ƙaho tana cin ciyawa. Gidanmu awaki muka sani. Ban tambayi kowa ba, don a ganina wanda ya iya rubutu ya wuce tambaya.

Na zo wurin da maraƙin ya mutu. Na rubuta cewa matar ta zauna ta yi kuka har ta gode Allah, da gari ya waye ta share hawaye, ta ɗauki ƙwarya ta durƙusa ta tatsi saniyar, ƙwarya ta cika fal, ta kai wa uwarta. Ina rubutawa ina hawaye ni ma. Na ce yau Adda sai ta jiƙa mayafinta.

Na karanta a kasuwa da murya mai rawa. Matan rumfa suna ta Allah sarki. Adda ba ta motsa ba. Ta ce in sake karanta wurin tatsar. Na sake, har da ƙarin rawar murya.

"Malama, nan kin yi ƙarya," in ji ta.

Na ce wace irin ƙarya, labarin ai gaba ɗaya ƙagagge ne. Ta ce ta sani, amma sauran duk ƙaryar da za ta iya faruwa ce, wannan kuwa ba ta faruwa. Saniyarsu ba ta sakin nono sai maraƙinta ya fara tsotsa, tana jin ƙanshinsa tana lasarsa. Wadda ɗanta ya mutu jiya, ko hannu ka kai hantsarta sai ta harbe ka. Ta ce, "Saniya ce kika rubuta ko famfo?"

Matan suka yi dariya. Mai sayen ƙuli-ƙulin ma ya yi, shi da bai ji farkon labarin ba. Nan kaina ya ɗau zafi. Na ce saniyata ce, ni na yi ta, in na ce ta ba da nono sai ta bayar. Da na tsaya nan da sauƙi. Amma bakina bai san tsayawa ba. Na ce mata, "Ke da ko sunanki ba ki iya rubutawa, ke za ki gyara mani labari?"

Kalmar da aka yi shekaru ana jifana da ita, ita na ɗauka na jefe ta. Adda ta dube ni, ta ɗauki faifai ta rufe ƙwaryarta, ta ɗora a kai ta bar wurin.

Kasuwa uku ba ta zauna kusa da ni ba. Na ce oho, zan ci gaba ko ba ita. Na zauna da kaye a gida, bik a hannu, matar labarin ta tsaya cak da ƙwarya a hannu ta ƙi gaba. Duk abin da na rubuta sai in ji ba wanda zai tambaye ni bayansa. Matan rumfa da suka ga Adda ba ta nan, su ma suka watse, ashe ita suke bi. Na karanta wa mijina wurin tatsar na tambaye shi ko ya ga kuskure. Ya ce kuskuren me, ai ya yi kyau ƙwarai. Na tambaye shi me ya mutu a ciki. Ya ce tsohuwar. Na rufe kayena.

Ranar kasuwa ta huɗu na bar rumfata a hannun maƙwabciyata, na bi layi ina nemanta. Na same ta can bakin kara, inda ake sayar da dabbobi, a ƙarƙashin wani iccen bedi. Ni ban iya ba da haƙuri ba, har yau ban ƙware ba. Na dai tsuguna na gaishe ta, na ce Adda bakina ya yi mani ɓarna. Ta ce lafiya lau. Ta ce gaskiya ne ba ta san baƙi ba, amma ni ma shekara biyu da suka wuce ban sani ba, kuma ba ta ji an ce lokacin ba ni da hankali ba.

Na haɗiye wannan. Na tambaye ta, to in maraƙi ya mutu, ga mara lafiya na jiran madara, yaya ake yi?

Ta amsa tana juya ludayi. Ta ce feɗe maraƙin ake yi, a cire fatar gaba ɗaya, a cusa mata busasshiyar ciyawa a ɗinke, a barbaɗa gishiri a bayanta, a kai gaban uwar. Sai ta shinshina, ta fara lasa, nonon ya sauko. Ta ce ita da hannunta ta taɓa ɗinke irin wannan fatar, wata shekara da ba ta son tunawa, ga yara uku suna kallon ƙwarya. Ta ce har yau ba ta yarda saniyar ba ta gane ba. A ganinta ta gane sarai, ta dai yarda ne.

"Wurin nan nake ta jira ki zo," ta ce. "Na ce yau za a faɗi abin da muke yi. Sai kika tsallake. Kika ɗauke mata aikin da ya fi wuya, kika bar ta da kuka. Kuka ai kowa ya iya."

Sannan ta faɗa mani abin da ya fi ci mata rai. Ta riga ta gaya wa matan ruga cewa Malamar nan Kaɗo ce, ba Bafillatana ba, amma ta san mu. Yanzu kasuwa uku suna tambayarta ina labari ya kwana, tana cewa Malama ba ta da lafiya, don ba za ta kai masu saniyar da za su yi wa dariya ba.

Na zaro kayena na ce ta sake faɗa mani sannu a hankali in rubuta, in gyara. Ta ce a'a. Ta ce in na rubuta daga bakinta, gaba zan sake yin wata ƙaryar a wani wurin, don ban taɓa tsayawa kusa da saniya ana tatsa ba. In ina so, in zo ruga in gani da idona, kuma in zo da sassafe, shanu ba sa jiran malamai. Na tambaye ta ko za ta dawo kusa da rumfata. Ta ce in zo tukuna.

Tun daga lokacin na samu masu karatu da yawa, har waɗanda ban taɓa gani ba. Kuna rubuto mani cewa labari ya yi daɗi, Allah ya ƙara basira, kuma ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma in na ga yabo ya yi yawa sai gabana ya riƙa faɗuwa, don na san mai cewa komai ya yi kyau wataƙila bai saurara ba. Wanda ya ji haushi da ka yi wa mutanen labarinka ƙarya, shi ne ya ɗauke su mutane. Shi ya sa kuke ganin nakan ɓace mako biyu kafin in kawo ci gaba. Ina can wurin masu jimar fata ko masu haƙar rijiya ina tambaya kamar sakarya, suna yi mani dariya. Na gwammace dariyarsu kafin in rubuta.

Washegarin ranar da muka yi maganar nan da Adda a bakin kara, ina idar da sallar asuba na yage shafi huɗun da na yi kuka a kansu na jefa a murhu. Na ce wa mijina koko na nan a rufe, ni na tafi ruga. Ya tambaye ni ko nono ya ƙare a gari ne. Na ce saniya za ni gani. Na ɗaure kayena a gefen zane, na hau kabu-kabu har inda hanya ta ƙare, sauran na taka cikin raɓa.

Na iske Adda tsugune wajen dangwali, igiyar da suke jera maruƙa a kai, tana kwance wani ɗan ja. Matan ruga suka fito suna leƙen Malamar da aka ce ba ta da lafiya. Na yi sallama, na fara kwance kayena daga zane. Ko ɗaga kai ba ta yi sosai ba, ta miƙo mani igiyar.

"Ajiye takardar nan, Malama. Riƙe shi da kyau, yana da ƙarfi. In ya fara tsotsa, ki dubi uwar."