Kwatancen da Inna ta yi wa Auta

Mahaifiyarmu ba 'yar ƙasar Gaya ba ce. A Ankara aka haife ta, ta Gana, wadda take bakin teku. Babanmu ya aure ta lokacin da yake fataucin goro, ya kawo ta Kademi, kuma tun da ta zo ba ta sake komawa ba. Da farko goyo ne ya hana, daga baya fataucin ya mutu, sannan iyayenta suka rasu, zancen zuwa gida ya koma "sai baɗi in Allah ya kai mu". Ta bar ƙanwa guda a can, wadda labarinta ya yanke tun muna yara.

Bayan rasuwar Baba na ɗauko ta zuwa gidana a Ajingi, inda nake koyarwa a firamare. Lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, haske kawai take bambancewa da duhu. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kiran sunana, sai dai "ke".

Autanmu direban babbar mota ne, magidanci da 'ya'yansa. Wata shekara bayan an cire gyaɗa ya zo yi mana sallama, ya ce ya samu lodin albasa zuwa Ankara. Inna tana kishingiɗe, sai ta tashi zaune ta gyara ɗankwali.

"To saurara," in ji ta. "Kada ka kwana a tasha. Ka shiga Zango ka nemi gidan mai goro, wanda yake da bishiyar mangwaro a ƙofa. Gidanmu ke nan, ɗakin baƙi yana hannun dama. Da safe ka fita bakin famfo, akwai mata mai wake da shinkafa, a ganye take zubawa. Da rana ka ci dokunu da soyayyen kifi, wani tuwon masara ne mai tsami, kada ka raina shi. Atamfa kuwa sai babbar kasuwa, layin ciki, kada ka saya a bakin titi."

Auta yana ta cewa "to, Inna". Ni kuwa ina kallonta, don rabon da in ji muryarta da ƙarfi haka tun Baba yana da rai.

Sai ta ƙara da abin da ban taɓa ji ba. Ta ce a hanyar teku akwai wani mai zane, wanda yake yi wa jiragen masunta ado. Wata rana ya gan su ita da ƙanwarta ɗauke da farantin lemo, ya zana su a jikin bangon shagonsa, su biyu, har da tsagar da ke kumatunsu. "Ka je ka gano min. In ka ga zanen, ka tambayi mutanen wurin, za su san inda take."

Auta ya dube ni, na dube shi. Babu wanda ya iya ce mata shekarun sun yi nisa.

Bayan ya sauke kaya ya kira ni da la'asar, kiran bidiyo. A gidana sabis ba ya kamawa sai kusa da rumbu, don haka na shimfiɗa mata tabarma a can, na riƙe wayar a tsakaninmu.

"Yaya, na zaga Zango tun safe," in ji shi. "Zangon ma ba ɗaya ba ne. Duk wanda na tambaya gidan mai goro sai ya ce wanne. Wani tsoho ya raka ni wani layi, ya ce da akwai mangwaro a nan, yanzu bene ne, shagunan waya a ƙasa."

Inna ta matso da kunnenta. "Ba ka duba da kyau ba. Ka ba masallaci baya, ka bi kwata."

"Inna, masallatai ne birjik."

"Ƙaramin, mai ƙofar kwano."

Ina jin hon ɗin motoci a bayansa. Ta juyo wajena ta ce, "Ke, gaya masa mana." Ni da ban taɓa wuce Zariya ba, me zan gaya masa? Na maimaita masa abin da ta faɗa, kalma da kalma, kamar hakan zai sa ya gane.

Washegari ya sake kira, daga bakin teku. Ya ce bai samu shagon mai zanen ba, amma an nuna masa wata kasuwa da ake sayar da zane-zane da sassaƙa, Turawa suna ta shiga da fita. Ya bi rumfunan yana haska mana. Zanen mata kuwa ba iyaka: masu tulu, masu goyo, masu faranti a ka. Na kai wayar dab da fuskar Inna. Ta ƙura ido har ya kawo ruwa.

"Me kike gani?"

"Mata ne, Inna, da kaya a ka."

"Su biyu?"

"Wannan su uku ne. Ga wani kuma ita kaɗai."

"Akwai tsaga?"

Na duba. Yawancinsu ma ba a yi musu fuska ba, baƙin fenti ne kawai aka shafa. Na ce mata babu. Auta ya tambayi wani dattijo mai rumfa ko ya san mai yi wa jirage ado a da can. Mutumin ya yi dariya, ya ce masu wannan aikin sun fi a ƙirga, kuma tsofaffin shagunan hanyar an rushe su tun yana saurayi.

Auta ya ce bari ya matsa ta ji ƙarar ruwan. Ya taka har gaɓa ya ɗaga wayar. Abin da ya iso mana wani shuu ne mai yankewa, sai hoton ya tsaya cak, kiran ya katse. Na ɗaga wayar sama, na zaga rumbun, bai dawo ba. Inna ta jira ɗan lokaci, sannan ta ce in kama ta ta tashi, za ta yi alwala.

Ya dawo mata da atamfa turmi guda. Ta shafa ta, ta shinshina, ta sa masa albarka, ta ce in ajiye a akwati. Ba ta tambaye shi komai ba. Da na so in tayar da zancen, ko za mu sa cigiya a rediyo, sai ta ce, "Bar shi."

Ba a jima ba ta ce a mayar da ita Kademi ta kwana biyu a ɗakinta. Na raka ta. Da yamma maƙwabta suka shigo da kwaryar gyaɗa, aka zauna ana ɓara, ita ma tana laluba tana yi. Wata tsohuwar ƙawarta ta ce ta ji Auta ya je garinsu, yaya ya baro mutanen gida?

"Ya je," in ji Inna. "Suna nan lafiya."

Matar ta ce madalla. Na sunkuyar da kai na ci gaba da ɓarar gyaɗata.